Likitocin sa kai da riƙon marayu: abin da ya kamata mu sani kafin mu miƙa yaro ko mu aiko kuɗi



Makon jiya, ana dab da rufe shirinmu na lafiya, wani ɗan uwa da ke bida a Abijan ya aiko muna da saƙon murya. Matar ƙanensa ta rasu wajen haihuwa a wani ƙauye da ke bayan Jiratawa, ta bar jinjiri namiji, kwanansa 9 a duniya. Uban talaka ne, kakar kuma ta manyanta. Ya ce ya ji akwai baƙin likitoci masu aikin sa kai, akwai kuma gidajen marayu, shin ya sa a kai yaron can? Ya ƙara da tambaya ta biyu: ƙungiyarsu ta ƴan gari ɗaya ta tara kuɗi, wasu sun ce a gina gidan marayu a garinsu, wasu sun ce a'a. Mi ya fi?

Minti biyar ɗin da suka rage muna ba su isa amsa irin wagga tambaya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don wanda bai ji shirin ba ya karanta, wanda bai iya karatu ba a karanta mashi.

Su wa ke zuwa, kuma tun yaushe?

Aikin baƙin likitoci ya daɗe a ƙasar nan tamu. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya, ƙarshen shekarun 1920, suka zauna Tsibiri. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi, cikin jahar Tawa, wanda har gobe mutanenmu ke zuwa. A 1956 aka kafa asibitin Danja, nan kudu da Maradi kan hanyar Ɗan Isa, don masu ciwon kuturta. A 2012 kuma aka buɗe a nan Danja ɗin wurin aikin yoyon fitsari na mata. Waɗannan Kiristoci ne, ba su kuma ɓoye cewa addininsu ne ya kawo su ba. Amma mafi yawan waɗanda suka kwanta gadajensu Musulmi ne, sun warke sun koma gida da addininsu.

Akwai kuma na ƙasashen Larabawa. Ƙungiyar da muka sani da AMA, wadda yanzu ake kira Direct Aid, wani likita ne ɗan Kuwaiti, Abdurrahman As-Sumait, ya kafa ta a 1981, kuma tana riƙe da marayu da makarantu a garuruwa da dama na Nijar. Asibitin ido na Makka da ke nan Maradi shi ma daga wancan ɓangare ya zo.

Kashi na uku su ne waɗanda ba su zo da sunan wani addini ba, kamar likitocin MSF, ƙungiyar da aka kafa a Faransa a 1971, wadda ta fara aikin tamowa a Maradi a 2001.

Kashi na huɗu shi muka fi mantawa, alhali shi ya fi yawa: namu na gida. Ƴan agajin Kuruwa Ruj ta Nijar, matasan da ke ba da jini kyauta, mata da mazan da ke bi gida-gida suna awon hannun yara, ƙungiyoyin likitocin ƙasa irin su FORSANI da BEFEN. Ko a asibitocin da ake cewa na Turawa, in ka shiga ka ƙirga, za ka tarar kusan duk mai sa allura, da mai karɓar haihuwa, da mai kwana kan yaro, ɗan ƙasa ne.

Abin da shekarar 2005 ta koya muna

Duk wanda ya kai shekara talatin bai manta yunwar 2005 ba. Ina yaro lokacin, ina ganin mata tafe da ɗiya goye tun da asuba, sun nufi inda ake awo. A waccan shekara MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma jahar Maradi ce ta fi yawansu.

Ta yaya aka iya? Can da, duk yaron da tamowa ta kama sai an kwantar da shi asibiti mako uku ko huɗu ana ba shi madara, uwa ta bar gona da sauran ɗiya. Gadaje ba su isa ko kusa. Abin da ya sauya lamarin shi ne wannan tunkuzar gyaɗa mai madara da sukari da sinadaran gina jiki, Plumpy'Nut, wadda mata ke ce ma biskit. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996, yanzu kuma ana yin ta a Yamai. Ba a dama ta da ruwa, ba a dafa ta, don haka ƙwayoyin cuta ba su samun hanya. Uwa ta amso na mako guda, ta ba yaronta a ɗakinta, ta komo awo. Yaran da suka ƙi cin abinci, ko jiki ya kumbura sosai, ko wani ciwo ya hau bisa tamowar, su kaɗai ake kwantarwa a CRENI.

Wato babban asibitin ya zamo ɗakin uwa. Baƙon likita ya kawo dabara da kaya, amma hannun da ya ba yaro abinci dare da rana na uwa ne, ko na kaka. Daga baya a Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya ma iyaye mata awon hannu da kansu, da wannan ɗan zare mai launi uku. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in awon damtsensa ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, yau ɗin nan za a kai shi likita. In ya faɗa rawaya, tsakanin 115 da 125, ya kama hanya, shi ma a kai shi. Kore ne lafiya. In kuma ka danna bisa ƙafafunsa biyu rami ya zauna, ko awon ya nuna kore, a tafi.

Darasi na biyu ya zo a 2008, lokacin da gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maradi, har suka tattara suka tafi. Wanda ya riƙe aikin a Madarunfa daga baya, da goyon bayan MSF ɗin, ƙungiyar gida ce, FORSANI. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Aikin da ya bar mutanen da suka iya shi, shi ke zama.

Mi aikin mako biyu ke iyawa, mi ba ya iyawa?

Yanzu mu zo ga ayarin likitocin da ake sanarwa a rediyo: za su zo ranar kaza, za su yi kwana goma, kyauta. Akwai cututtukan da irin wanga zuwa ke ma amfani ƙwarai, su ne waɗanda aiki guda ke raba mutum da su. Yanar ido, ƙaba, tsagaggen leɓe, yoyon fitsari. Tsohon da jikansa ke ja ma sanda shekara biyar, a yi mashi aikin da bai kai rabin awa ba, washegari a buɗe ido ya ga hanya. Wannan ba ƙaramar sadaka ba ce.

Akwai kuma waɗanda zuwan kwana goma ba ya magancewa: hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, sikila, tarin fuka, kuturta. Mai hawan jini in an ba shi maganin wata guda ya ƙare, ciwonsa na nan inda yake. Kuturta tana warkewa sarai, maganinta kyauta ne, amma sai an sha shi wata 6 ko wata 12 ba fashi. Irin waɗannan, CSI ɗin garinku da ke buɗe kullum ta fi maka babban likitan da zai hau jirgi ranar Juma'a.

Ko aikin da ake yi sau guda ma, rabinsa ne ake yi bisa gado, sauran rabin a gida yake. Zan ba ku misali daga gidanmu. Gwaggona, nan unguwar Zariya, an yi mata aikin yanar ido lokacin zuwan wani ayari. Kwana biyu tana murna, tana gane fuskokin jikokinta. Aka ba ta maganin ɗigawa, aka yi mata bayani da Faransanci, yaron da ya raka ta bai ji rabinsa ba. Babu wanda ya gaya muna wurin wa za a koma in an ga matsala, mu kuma ba mu tambaya ba. Kwana huɗu ta koma madafa cikin hayaƙi da ƙura. Idon ya yi ja, ya fara ciwo, muka ce a bari a gani. Ranar da muka kai ta likita, baƙin sun tafi, idon kuma ya riga ya lalace. Laifin ba nasu kaɗai ba ne, da namu ciki, kuma har yau abin na cina.

Haka yake ga yoyon fitsari. Ciwon na zuwa ne in naƙuda ta daɗe, kan jinjiri ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har ya mutu, rami ya buɗe. Ba iska ba ne, ba jifa ba ne. Bayan aiki ana barin robar fitsari kusan mako biyu, likita zai hana saduwa aƙalla wata uku, haihuwa ta gaba kuma a asibiti za a yi ta, galibi da aiki. Mijin da bai yi haƙuri ba, shi ke kwance abin da likita ya ɗinka. Masu wannan lalura su sani ba sai sun jira baƙi ba: akwai Danja, akwai cibiyar uwa da yaro ta Maradi, akwai Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan Holand, Kees Waaldijk, ya yi shekaru yana aikin yana kuma koyar da likitocin Najeriya da na Nijar.

Tambayoyin da ba rashin kunya ba ne

Mu Hausawa muna jin nauyin tambayar wanda ya zo taimakonmu. Amma jikinka ne, ɗanka ne. Likitan kirki ba ya fushi da tambaya. Kafin ka kwanta, ko ka miƙa yaro, ka nemi sanin waɗannan:

Hukumar lafiya ta san da zuwansu? Aikin gaskiya cikin asibiti ko CSI ake yin shi, tare da ma'aikatan wurin, da sanin shugaban likitocin gunduma. Wanda ya kafa rumfa bayan gari yana raba ƙwayoyi ba da sanin kowa ba, a yi nesa da shi.

Wanda zai taɓa ni likita ne, ko ɗalibi, ko mai rakiya? Farar riga da farar fata ba takardar shaida ba ce. A garin Jinja na ƙasar Uganda, wata Ba'amurka da ba ta taɓa karatun likita ba ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa. Daga 2010 zuwa 2015 yara 105 suka mutu a wurin kafin hukuma ta rufe shi, iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020. Kyakkyawar niyya ba ta zama ilimi.

Mi za a yi mini, kuma mi ka iya biyo baya? A yi maka bayani da Hausa har ka gane. Kana da ikon cewa a'a.

In sun tafi, wurin wa zan koma, wace rana? Ka amshi takarda mai sunan ciwon, da aikin da aka yi, da sunan maganin. Ka adana ta kamar takardar gona.

Akwai sharaɗi? Magani ba a saye shi da addini, ba a saye shi da hoto. In ba ka son a ɗauki hoton ɗanka, ka faɗa.

Jinjirin da uwa ta bari

To, mu koma ga ɗan uwanmu na Abijan. Ga jinjiri ɗan kwana 9, abin da ke gabanmu ba gini ba ne, nono ne da ɗumi. Makonnin farko su ne masu hatsari.

Abu na farko, a kai shi CSI yau, ba sai ya yi ciwo ba. A auna nauyinsa, a duba cibiya, a yi mashi lambar farko, a ba shi karne, a kuma gaya ma ma'aikatan cewa uwar ta rasu don su sa ido a kansa. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a asibitocin gwamnati, ko da yake dukanmu mun san wani lokaci magani na yankewa sai an rubuta maka ka saya.

Abu na biyu, a nemi mai shayarwa. Babu abincin da ya kai nonon mace ga jinjiri. Ƙanwar uwa, matar wa, kishiya, maƙwabciya mai goyo, duk wadda ta yarda, a fara kai ta likita a yi mata gwajin jini. Mace guda na iya shayar da biyu in tana ƙoshi, don tsotso ne ke kawo nono. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, macen da ta yaye ta daɗe, har kakar da ba ta tsufa tukuf ba, nono na iya dawo mata. A CRENI akwai dabarar da ake yi: a sa madara cikin kofi, a liƙa siririyar roba a kan nono, yaro na tsotso yana samun madarar, tsotson kuma na tada nonon sannu a hankali. Wasu mata na tsoron shayar da ɗan wadda ta rasu, wai abin zai bi su. Babu wannan a likitance. Abin da ke akwai shi ne hukuncin addini: wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, ɗiyanta sun zama ƴan uwansa, babu aure tsakani. Don haka a yi abin a fili, dangi su sani, a tambayi malamai.

In an rasa mai shayarwa sam, sai madarar gwangwani ta jarirai, kuma nan ne kuɗin ƴan bida ke da aiki. Jinjiri na shan kusan gwangwani 40 masu rabin kilo cikin wata shidan farko. Gidan talaka ba ya iyawa, shi ya sa ake tsinka ta da ruwa don ta daɗe, yaro ya rame ana ganin yana sha. A bi awon da ke jikin gwangwani daidai. A tafasa ruwan. A ba shi da ƙaramin kofi, don kwalba mai kan roba wuyar wankewa gare ta, ita ke kawo zawo. Abin da ya rage a zubar, kar a ajiye. Madarar shayi, nonon shanu, nonon akuya, kunu, ruwan rubutu da ba a tafasa ba, duka ba na jinjirin da bai kai wata 6 ba ne.

Abu na uku, ɗumi. A sa shi a ƙirji, fata da fata, a rufa, musamman in ƙarami ne ko lokacin ɗari. Namiji ma na iya yi. In ya ƙi tsotso, ko jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko numfashi ya yi sauri, ko ya yi fizge-fizge, ko ido ya yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ba a jiran gari ya waye.

Gidan marayu, ko riƙo?

A wurinmu maraya shi ne wanda ya rasa uba ko uwa, kuma tun kaka da kakanni hanyarmu riƙo ce: baba, ko kawu, ko gwaggo, ko inna su ɗauka. Addini ma ya yi umurni da kula da maraya, tare da barin shi da sunan ubansa da gadonsa. Yau riƙon ya yi nauyi. Hatsi ya yi tsada, gonaki sun ƙanƙance, ga kuma marayun da ƴan bindiga suka bari, namu na bakin iyaka da na ƴan gudun hijirar da suka shigo yankin Gidan Runji daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019. Shi ya sa in an ce gidan marayu, mai gado da katifa da abinci sau uku, zuciya ke karkata.

Amma ga abin da duniya ta gano. A ƙasar Romaniya, bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci a 1989, an tarar da dubban yara cikin gidajen marayu. Masana suka bi wasu daga cikinsu shekara da shekaru a birnin Bukares. Waɗanda aka mai da cikin iyali sun fi waɗanda aka bari girma, da magana, da kaifin hankali, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. Dalilin ba boyayye ba ne. Jinjiri na buƙatar mutum guda da ya san kukansa, wanda in ya waiga zai gan shi. Mai aikin da ke kula da yara goma, ta tashi ƙarfe shida wata ta amsa, ko tana da tausayi kamar mi, ba za ta zama wannan mutum ba. Baƙin da ke zuwa su rungumi yara mako biyu su tafi, kowane tafiyarsu wani sabon rashi ne ga yaron. Shi ya sa ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 suka ce yaro ƙarami, musamman ɗan ƙasa da shekara 3, cikin iyali ya kamata ya tashi, kuma talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da danginsa ba.

Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan. Maƙwabtanmu na Cadi sun gani. A watan Oktoba na 2007 aka kama ƴan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a garin Abeshe, suna shirin hawa jirgi da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne. Bincike ya nuna mafi yawansu ƴan Cadi ne, da iyayensu a raye, waɗanda aka ce masu makaranta za a sa ɗiyansu. Don haka duk wanda ya zo ya ce a ba shi yaro, komai daɗin bakinsa, komai addininsa, kar a sa hannu bisa takardar da ba a karanta maku ba, kar kuma yaro ya bar gari ba da sanin maigari, da ma'aikatar kare yara, da alƙalin yara ba.

Wannan ba ya nufin gidajen marayu ba su da amfani. Akwai jinjirin da aka tsinta ba a san danginsa ba. Akwai wanda uwarsa ke fama da taɓin hankali babu mai karɓa. Akwai kuma riƙon da ya zama bauta: ɗiyan gida na lakwal, maraya na talla da ɗaukar ruwa, shi ke cin ƙanzo. Wannan ma mu faɗa ma kanmu gaskiya, yana faruwa cikin unguwanninmu. Irin waɗannan yara, wurin da hukuma ta sani, wanda ke barin dangi su zo ziyara, wanda kuma ke neman hanyar mai da yaro cikin iyali, rahama ne. Amma shi ne mafita ta ƙarshe, bayan an nemi dangi an rasa.

Takarda da dukiya

Abu biyu ke ɓata ma maraya gaba ba tare da an lura ba. Na ɗaya takardar haihuwa. Cikin ruɗanin rasuwa ana mantawa da ita, sai ranar da za a rubuta shi jarrabawa a tuna. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, a wurin da aka haihu, ko wurin maigari, ko ofishin magajin gari. In lokacin ya wuce sai an bi ta kotu. A yi ta mutuwar uwar ma, don za a buƙace ta.

Na biyu gado. Gona, bisashe, kayan ɗakin uwa. A ƙirga su gaban shaidu, a rubuta, liman da maigari su sa hannu, kowane ɓangare na dangi ya riƙe kwafi. Mun sha ganin yaro ya girma ya tarar an sai da gonar ubansa an ce kuɗin cikinsa suka tafi. Malamanmu kullum suna jan kunne kan dukiyar maraya, ba sai na ƙara ba.

To, ina za a sa kuɗin?

Ƴan uwa na waje, ku san cewa lokaci ya sauya. Tun kisan ma'aikatan agaji a Kure a watan Agusta na 2020, zirga-zirgar baƙi cikin karkara ta ragu sosai. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wadda ke biyan babban kaso na abincin tamowa a duniya, a shekarar kuma ƙungiyar CICR ta rufe ofisoshinta a Nijar bisa umurnin gwamnati. A ɗaya gefen, tun watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. Duk inda ka juya lissafin, nauyin na komowa kanmu. Wanda ya dogara da tukunyar wani, da yunwa zai kwana.

Gini shi ne abu mafi sauƙi, kuma shi ya fi kyau a hoto. Amma bayan an yanke ƙyalle, wa zai biya masu reno, da hatsi, da magani, wata bayan wata, shekara goma sha takwas? Gidan da aka gina kuma sai an cika shi, sai ka ga ana karɓo yaran da ke da iyaye don kar gadaje su zauna wofi. Kuɗin da za su riƙe yaro guda a irin wannan gida za su iya tallafar gidaje da dama da ke riƙon marayu.

Ga inda nake ganin jikkunanku za su fi aiki. Madarar jinjirin da ya rasa mai shayarwa, har wata 6. Hatsi, wake da mai ga matar da ta karɓi shayarwa, don ita ma da nata ɗan. Jar akuyarmu ta Maradi, mai yawan haihuwar tagwaye, a ba gidan da ke riƙo da sunan yaron, a rubuta. Kayan lakwal da kuɗin takarda. Gidan sauro, da tabbatar da cewa yaron na samun maganin rigakafin masassarar da ake rabawa kowane wata da damina.

Sannan wanda ya fi duka: a hana maraicin tun bai zo ba. Matar da ta bar wanga jinjiri, da akwai kuɗin mota a ajiye a garin, da an san wanda zai ba da jini, wataƙila da labarin ya sha bamban, ko da yake rai na hannun Allah. Asusun gaggawa na gari, wanda in naƙuda ta wuce yini ko jini ya ɓalle za a ɗauki mace nan take ba sai an jira mai gida ya sai da tunkiya ba, ya fi katangar siminti amfani. Haka ɗaukar nauyin karatun yarinya ƴar garin ta zama ungozoma ta komo gida.

Kowace hanya kuka zaɓa, kar kuɗi su zauna hannun mutum guda. Mutum uku, da mace cikinsu, da littafi, da rasit, a karanta lissafi gaban jama'a. Kuma don Allah a daina jera marayu ana ɗaukar su hoto da buhu a gabansu ana sawa a Facebook. Yaron zai girma, hoton na nan.

Shekaranjiya ɗan uwan namu ya sake kira. An kai jinjirin CSI, an yi mashi lamba. Matar wan uban, mai goyon wata biyar, ta ce za ta gwada, an kuma yi mata gwajin jini. Nonon bai ishe su biyu ba tukuna, ana cikawa da madarar da ya aiko kuɗinta. Maganar gini kuwa, ya ce ƙungiyarsu za ta sake zama ƙarshen wata, har yanzu ba su daidaita ba.

A shirinmu mai zuwa za mu gayyato ungozoma da malami su amsa tambayoyinku kan shayar da maraya. Mata masu riƙo, ku muka fi son ji: mi ya fi ba ku wuya? Ku aiko da saƙon murya, ba sai kun faɗi suna ba. Allah shi jiƙan wadda ta rasu, shi raya abin da ta bari, shi ba masu riƙo haƙuri da lada. Mu kwana lafiya.